Hular Buhuna a Wayar Kowa

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Madawa, kuma ban gaji sana'ar ba. Mahaifina manomin gero ne a wani ƙauye na ƙasar Azarori. Da dako na fara, ina ɗora wa wasu buhu a kamyo, wato babbar motar kaya, har Allah ya sa na fara sayen nawa. Daga baya na samu wuri a tashar albasa, na samu masu ɗinka mini buhu, direbobi suka san ni. Na faɗi wannan ne don a san ba a bakin wani na ji zancen hula ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, in an cika buhun albasa har baki ba a ɗaure shi haka nan. Ana ƙara tuli a bisa, a rufe da wani yankin buhu, a ɗinke da basilla. Wannan tulin shi ne hula. Manomi buhu yake sayarwa, kuɗin buhu ake ba shi, hula kuma ta bi buhu kyauta. Haka na tarar ana yi, haka nake yi. Sannan kowane ɗan kasuwa yana da shaidar da yake shafawa da fenti a jikin buhunsa, don in kaya sun sauka Abijan ko Kumasi a san na wane ne. Tawa shuɗin zobe ce da ɗigo a tsakiya. Babu ɗan dako ko manomi a yankinmu da bai san ta ba.

Ɗiyata ta biyu tana lise a lokacin, wato babbar sakandare. Malamin da ke kula da wasannin makarantarsu, wanda suke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, ya ce kowane aji ya shirya abin da zai nuna a makon al'adu. Wasu suka yi wasan kwaikwayo, wasu suka yi kacici-kacici, su kuma ajinsu suka ce waƙa za su yi, su ɗauke ta a waya, abin da yara ke kira kilip. Wata rana da la'asar ta same ni ina alwala, ta durƙusa gefe ta jira na gama.

"Baba, muna son mu ɗauki hoto wurinka."

"Hoton mi?"

"Kilip. Waƙa munka yi bisa albasa."

Na ɗauka yabon albasarmu za su yi, irin wanda ake yi a rediyo, a ce babu kamarta a duniya. Na ce su zo ranar da ba kasuwa, kada su taka mini kaya, kada su tare wa ƴan dako hanya. Ban tambayi abin da waƙar ke faɗi ba. Ranar da suka zo ma ba na gari, na tafi ta'aziyya Tabotaki.

A wayar wani ɗan dakona na fara ganin abin. Na iske ƴan dakon sun yi da'ira a gindin kamyo suna kallo suna dariya, da suka hango ni sai dariyar ta mutu. Na miƙa hannu, aka ba ni wayar.

Da wani tsoho aka fara, yana jan ruwa a garka, wato lambun albasa, da sassafe. Hoton yana rawa, iska tana hura cikin sautin, wata akuya ta ratsa ta gaban masu rawa ba wanda ya kore ta. Samari sanye da tufafin gona suna ɗaga hauya suna saukewa tare. Sai ga ɗiyata tsaye kusa da buhuna, da hijabinta na makaranta, ita ke ba da waƙa sauran suna amshi. Ban san tana da murya haka ba. Amshin yana cewa: na shuka, na ba ruwa, na cire, buhu naka, hula ta wa? Daidai nan mai ɗaukar hoton ya matso kusa da hannun maɗinkina yana cusa albasa yana jan basilla, ya sauko a hankali, har shuɗin zobena ya cika fuskar wayar.

Yaran ba su yi da gangan ba. Su buhu suka gani, buhu kuwa duk ɗaya ne a idon ɗan lise. Ba wanda ya gaya musu cewa a sana'armu nuna shaidar mutum daidai yake da kiran sunansa da na ubansa. Da sun juya buhun, da waƙar ta hau kan kowa. Da ba su juya ba, ta hau kaina ni kaɗai.

Na mayar wa ɗan dakon wayarsa na ce su koma aiki.

Bayan an nuna a makaranta sai suka ɗora shi a shafin ajinsu, daga nan ya shiga waya zuwa waya. Wanda ya fara taɓa ni shi ne taubashina da ke zaune Abijan yana sayar da takalma. Ya aiko da saƙon murya yana dariya har yana tari.

"Kai ɓarawon hula! Ashe kai na? Mu nan muna kuka albasa ta yi tsada, ashe kana can kana ɗinka ma buhu rawani. To ɗiyarka ta tona ka. Wallahi yarinyar ga ta hi ka hankali, gidanmu tab biyo."

Na mayar masa cewa wanda ya gudu ya bar hauya ya koma shafa wa mutane ƙafa ba ya da bakin magana a kan garka. Wannan wasa ne tsakaninmu, bai dame ni ba. Amma na gane in har ya kai Abijan, to babu inda bai kai ba.

A gida na tarar da yarinyar ta daina cin abinci da mutane. Uwarta ta ce tun da aka fara rubuta abubuwa a ƙarƙashin kilip ɗin take shiga ɗaki da waya ta fito da jajayen idanu. Na sa aka kira ta. Na ce ta zauna ta karanta mini duk abin da aka rubuta, ta kunna mini duk muryar da aka aiko, kada ta tsallake ko ɗaya don kunya. Na Faransanci ta fassara mini, don nawa Faransancin na tasha ne, bai wuce gaisuwa da jandarma ba.

Mun daɗe a kai. Akwai waɗanda suka ce hoton yana rawa kamar mai ɗaukar yana jin sanyi, wasu suka ce an bar akuya ta fi kowa iya rawa. Na ce mata wannan gaskiya ne, ni ma na gani, gaba su samo abin da za su dafa wayar a kai, su ɗaure akuyar mutane. Ta yi ɗan murmushi. Wani ya rubuta cewa su fara koyon Hausa kafin su yi waƙa, wai mene ne "munka" da "sunka". Na tambaye ta ko ya faɗi garinsu. Ta ce a'a. Na ce to a bar shi, da "munka" kakarta ta yi renon mutum goma sha, ba wanda ya kasa gane kiran tuwo. Wani kuma ya ce bai kamata ɗiya mace ta tsaya tana waƙa duniya na kallo ba. Wannan shi ya fi yi mata ciwo, na gani a fuskarta. Na ce ta sake kunna wurin da take tsaye. Muka kalla tare. Na ce ni ne ubanta, na duba, ban ga abin da zan sunkuyar da kai a kansa ba, shi kuma ya je ya duba gidansa.

Ni a kasuwa na koyi sauraron mutane. Wanda ya ɗauki albasarka ya matsa, ya shinshina, ya ce ta cika ruwa, wannan yana kallon kayan, ko da ya ɓata maka rai ka saurare shi. Wanda ya tsaya daga nesa hannu a aljihu yana cewa duk albasar bana banza ce, ba saye ya zo ba, inuwa yake nema. Yawancin masu zagin nan ƴan inuwa ne.

Amma akwai murya ɗaya da na sa ta maimaita mini. Wata mata ce, ta ce ita mutuniyar Keita ce, aure ya kai ta bakin teku, tana kasa albasa a kasuwa. Ta yaba muryar yarinyar tukuna, sannan ta ce: "Ɗiyata, kun ɗauki buhu sa'ad da za shi hau mota. Ku zo ku ɗauke shi sa'ad da yas sauka. Hular ga da kuka waƙa, mu nan rabinta ruɓa mukan iske, ta matse, ta yi ruwa, sai mu zubar. Ni ma buhu aka saida min, ba a rage min ko kaɗan."

Na ce wa yarinyar ta ji wannan da kyau. Albasa tana ramewa a hanya, zafi yana dafa ta, kamyo yana kwana a kan iyaka ana jiran takarda, na sama suna danne na ƙasa. Hula ba don mugunta kawai aka fara ta ba, ita ke cike abin da hanya ta ci. Sai dai kuma gaskiya ne manomi shi kaɗai ake ɗora wa asarar hanyar da bai taɓa bi ba, kuma gaskiya ne hular tana ƙara tsawo duk shekarar da albasa ta yi yawa manomi ya rasa mai saye. Na ce mata waƙarsu rabin zance ce. Ta sunkuyar da kai ta ce to za su goge. Na ce ban ce ƙarya ba ce, na ce rabi ce, kuma rabin da suka faɗa ba a taɓa faɗinsa da ƙarfi ba sai yanzu.

A garka kuwa abin ya fi na waya zafi. Na je sayen kaya wani ƙauye a hanyar Buza, tun kafin in sauka daga babur yara suka biyo ni suna rera amshin. Manomin da na daɗe ina saye a hannunsa ya kore su, amma da maɗinkina ya fara tula albasa a bakin buhu sai ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Alhaji, ta isa haka nan."

"Yaushe kaf fara auna min hula?"

"Tun randa ɗiyarka tat tambaya ta wa ta. Mu dai ba mu ce komi ba, daga gidanka anka hwaɗi."

Muka yi ta ja, ya rage, na ƙara, muka tsaya a tsakiya. Raina ya ɓaci a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma ciniki ne, kuma ban taɓa jin tsoron ciniki ba.

Mushen nasu ya zo har tasha ya same ni. Saurayi ne mai ladabi, ya cire hularsa ta boko ya riƙe a hannu yana ta ba ni haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai duba ba kafin a saki. Ya ce akwai dabara: za a iya shafe shaidar a cikin hoton ta zama dishi-dishi, a cire tsohon a sa sabon.

Na ce, "Mushe, wa za a ɓoye ma? Wanda bai gani ba ya ji. In kunka shahe ta yanzu, cewa za a yi na ji kunyar kayana. Buhuna na, hulata ta, maɗinkina na. Ku bar ta yadda take."

Na ce ya sha ruwa ya koma wurin ɗalibansa.

Ba a jima ba shugaban tasharmu ya aiko a kira ni. Dattijo ne, ya girme ni a shekaru da sana'a, kuma shi ke raba layi, wato shi ke faɗin wanda zai ɗora kaya a kamyon da ya shigo da wanda zai jira na gaba. Wanda ba ya cikin layi, albasarsa a ƙasa za ta zauna rana tana cinta. Bayan azahar na je rumfarsa, na iske manyan ƴan kasuwa sun cika tabarma. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka ba ni wuri a gefe.

Shugaba ya ce, "Kai munka kira bisa abin da yaran ga sunka yi. Ko'ina munka tahi yanzu manomi shina ɗora hannu bisa buhu. Jiya an koro yaran wane daga garka da waƙa. Abin ga daga wurinka yah hito, kai za ka kashe shi."

"Alhaji, ta yaya za ni kashe abin da ad cikin wayar kowa?"

"Mun san ba ya gogewa duka. Amma a cire shi daga shahin makaranta. Sannan ɗiyarka ta tsaya gaban waya, yadda tat tsaya tay yi waƙa, ta ce su yara na, ba su san sana'a ba, sun yi kuskure, suna ba ƴan kasuwa haƙuri. A watsa shi yadda anka watsa wancan. Shi ke nan, magana ta ƙare."

"In ba a yi ba hwa?"

"In ba a yi ba, ba ka da layi."

Wani daga can baya, wanda muka fara dako tare da shi, ya ce ai wasu na cewa ni na sa yaran, don manoma su so ni su guji sauran. Na yi dariya har na dafa gwiwa.

"Kai ko kunya ba ka ji? Shaidar wa ag ga buhun, taka ko tawa? Wane irin wayo na mutum ya yi hayar mawaƙa su zage shi?"

Aka yi dariya kaɗan, shugaba bai yi ba. Na juya gare shi na ce ina da tambaya ɗaya, ya nuna mini kalmar da take ƙarya a cikin waƙar, in ya nuna ni da kaina zan kawo yarinyar nan rumfar. Ya ja carbinsa ya ce ba a ce ƙarya ba ce, an ce ba a faɗi. Kowace sana'a tana da abin da ake bari a cikin gida.

Na ce, "Alhaji, hula bisa buhu take, tsakiyar rana aka ɗinka ta, gaban mai garka da ɗiyanshi. Wane cikin gida? Ni ina ɗinka hula, gobe ma ina ɗinkawa, kuma duk manomin da yat tambaye ni dalili ina hwaɗa mishi, in ya yarda mu yi ciniki, in bai yarda ba ya kai gaba. In kuna so mu tara manoma mu gaya musu abin da hanya ka ci, ni za ni fara magana. Amma ɗiyata ba ta ba kowa haƙuri bisa tambaya. Tambaya tay yi. Wanda ad da amsa shi ba ta."

Ya ce in je in yi shawara da iyalina. Na ce na gode, na sa takalmina.

Da na isa gida labari ya riga ni. Na iske yarinyar ta sa hijabinta, ta jingina wayar a kan turmi, tana maimaita abin da za ta faɗa. Uwarta tana tsaye a kanta. Ita uwar ba matsoraciya ba ce, mace ce mai lissafin gida, ta san abin da rashin layi yake nufi a tsakiyar kakar albasa.

Ta ce, "Alhaji, yarinya ta. In ta ce a yi haƙuri mi za ya rage ta? Gobe an manta. Kai kuwa da bakuna nawa bisa wuyanka."

Yarinyar ta ce, "Baba, ni nij jawo. Bari in yi, ba komi."

Na ɗauke wayar daga kan turmin na miƙa mata. Na ce ta cire hijabin fita ta je ta taya uwarta aiki.

Na yi tunanin maganar uwar, don ba maganar banza ba ce. Mutane za su manta, wannan haka ne. Yarinyar ce ba za ta manta ba. Wannan ne abu na farko da ta ƙirƙira da kanta, ta fito da shi gaban jama'a, ta sa muryarta a kai. In a karon farko aka koya mata cewa da manya sun ɓata rai sai ta koma gaban waya ta ce ba ta san abin da take faɗi ba, to ta koya ke nan, kuma za ta yi ta yi har tsufanta, a gidan miji, a wurin aiki, ko'ina. Na ga irin waɗannan mutanen a kasuwa. Da ka ɗaga gira sun rage farashi, ba don kayansu ba su da kyau ba. Ban biya kuɗin makaranta don a mayar mini da ɗiya haka ba. In asara ce, na san yadda ake ɗaukar asara, na ɗauki wadda ta fi wannan a kan kamyon da ya kife.

Ranar kasuwa ta zo, kamyo ya shigo, aka kira sunaye ba a kira nawa ba. Ban yi gardama da kowa ba. Na sa ƴan dakona suka kwashe kayana a amalanke, muka fita bayan gari a hanyar Ƙonni, inda wani abokina yake da fili a bakin kwalta. Muka kafa rumfar zana muka jera buhu, shaida tana kallon hanya.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Direbobin da suka saba da ni suna wucewa su ɗaga mini hannu ba su tsaya ba, don suna tsoron a hana su lodi a tasha. Waɗanda suke tsayawa baƙi ne masu dawowa wayam, su kuma sun san a matse nake, sai su tsuga kuɗin mota. Wasu buhunan sun daɗe a ƙasa har suka fara wari, muka farke muka tsince muka zubar. Biyu daga cikin ƴan dakona suka koma tasha, ban riƙe su a zuciya ba, suna da iyali. Manoma kuma, da wani zai ɗauka za su yi tururuwa zuwa wurina don ɗiyata ta yi musu waƙa, ba su yi ba. Manomi inda aka fi ba shi yake kai kaya, ni ma da ni ne haka zan yi. Sai dai in sun zo, sukan tambayi lafiyar mai waƙa, sannan su ɗora hannu a kan buhu mu fara ja.

Kilip ɗin yana nan a shafin ajinsu, ba a taɓa shi ba. Maganganu suka ci gaba da shigowa, suna raguwa a hankali. Yarinyar ta koma cin abinci da mutane. Wani lokaci takan karanto mini sabon abin da aka rubuta, mu yanke tare ko na mai matsa albasa ne ko na ɗan inuwa. Ta aika wa matar nan ta bakin teku da godiya, matar ta ɗauko mata hoton buhu a buɗe da abin da ya ruɓe a ciki, ita kuma ta nuna wa ƴan ajinsu.

Ni dai na san abu ɗaya da shugaba ma ya sani. Albasa tana da lokacin yawa, tana da lokacin ƙaranci. Tun farkon kakar albasa na cika rudu, wato rumbunan kara da muke ajiye albasa a ciki iska tana ratsa ta, kuma nawa ba a tasha suke ba, suna ƙauye. Da damina ta kusa, garka ta ƙare, kaya suka yi wuya, masu abin lodawa a tasha suka ragu. Kamyo kuwa ba ya tafiya bakin teku da rabin ciki, ba direban da zai yarda, ba ɗan kasuwar da zai biya kuɗin wurin da babu kowa.

Wata safiya ina zaune a rumfar zana ina shan shayi sai ga kamyo ya fito daga gari, ya rage gudu, ya sauka daga kwalta ya tsaya a gabana. Na san motar, ta tasha ce. Direban ya sauko yana gyara wando, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu.

"Alhaji, mota ba ta cika ba."

"Na gani."

"Shugaba ya ce in biyo ta nan, in kana da kaya a cika."

"Shi yac ce, ko kai kag ga dama?"

"Wallahi shi yac ce. Gaban mutane."

"Ya yi maganar yarinya?"

"Bai yi ba."

"Ya yi maganar kilip?"

"Alhaji, albasa kawai yac ce."

Na shanye shayina, na miƙa masa kofi na gaba. Sannan na kira ƴan dako na ce su buɗe bayan motar.